Garma a gaban mota ko tarakta? Amsa ga mai fama da dusar ƙanƙara a Manitoba

Tambaya:

Assalamu alaikum Injiniya. Shekarata shida a Winnipeg, babban birnin lardin Manitoba a Kanada, ina zaman haya, ban san wahalar dusar ƙanƙara ba sai ɗan abin da nake kwashewa da shebur a bakin ƙofa. Bana Allah ya nufa na sayi gida a wajen gari, ta ɓangaren Steinbach, da fili eka biyar. Daga babban titi zuwa ƙofar gareji mita 250 ne, hanyar tsakuwa, babu ko bishiya ɗaya a gefenta. Ƙarfe shida na safe nake fita aiki. Ina da Ford F-150. Abokina ya ce in ɗaura mata garmar ture ƙanƙara a gaba kawai, maƙwabcina kuma ya ce in nemi ƙaramar tarakta. Kuɗin ba ɗaya ba ne, ga bashin gida a wuya. Wanne zan kama? Kuma ina son abin da maiɗakina za ta iya sarrafawa idan ba na nan.

Amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sanya albarka a gidan, ya sa rai aka yi wa.

A yadda ka bayyana wurin nan, maƙwabcinka ya fi abokinka gaskiya. Amma ba don tarakta ta fi mota ƙarfi ba. Kafin a yi maganar ƙarfi, akwai tambayar da ya kamata ka tsaya a tsakiyar hanyar taka ka yi wa kanka: ƙanƙarar da zan kawar, ina za ta je, kuma yaushe za ta narke?

Garma turewa take yi. Ba ta ɗagawa, ba ta jefarwa. Duk abin da ta kawar daga tsakiyar hanya yana nan jibge a gefe. A wuraren da sanyi ke sassautawa lokaci-lokaci, rana ta fito ta narkar da tsibin, wannan ba damuwa ba ne. Manitoba ba haka take ba. Abin da ya sauka a Nuwamba sau da yawa yana nan kwance har ƙarshen Maris. Turin farko ya yi kunya a gefen hanya, na biyu ya hau kansa, zuwa Janairu kunyar ta daskare ta zama kamar katangar siminti. Mota ba ta iya matsar da ita, sai dai ta ajiye sabon turi a gabanta. Haka hanyar da ta fara da faɗin mita huɗu za ta yi ta tsukewa har ta koma lungu, madubin motarka na gogar bango hagu da dama.

Ga kuma iska, wadda ita ce ainihin abokiyar gabarka. Dusar da ke sauka a Winnipeg a shekara ba ta wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, alhali Montreal na samun wajen mita biyu. Sai dai ƙasarku shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, iska na kwaso ƙanƙarar gonakin mutane tun daga nesa tana neman inda za ta sauke. Wanda ya taso a ƙauyen arewacin Yobe ko ƙasar Damagaram ya san yadda iskar hunturu ke tara rairayi a gindin danga. Kunyoyi biyun da garma ta gina maka danga ce. Iska ta zo ta tsallake su, ta rage gudu, ta zube kayanta a tsakani. Sai ka kwanta sama garau, babu ko ɗigon dusa, ka tashi da asuba ka tarar hanya ta cika maƙil daidai tsayin kunyar da ka gina da hannunka.

Kuma ba ƙaramin kaya ba ne. Hanyarka mita 250 ce, a ce faɗinta huɗu, dusa ta kwanta santimita 20. Idan sabuwa ce mai laushi kamar auduga, wajen tan 20 ke nan. Idan wadda iska ta daddanne ce, ninka shi uku.

Tarakta mai injin feso ƙanƙara ba ta barin kunya. Injin na da murɗaɗɗen ƙarfe da ke tauna ƙanƙarar yana tura ta cikin fanka, fankar ta cilla ta ta bututu mita goma ko fiye cikin fili, ka juya bakin bututun ta inda iska ke tafiya. Gefen hanya ya zauna a shafe, iska ta wuce abinta. Ba banza ba a Kanada aka ƙirƙiro wannan inji: wani mutumin Montreal mai suna Arthur Sicard ne ya haɗa shi a 1925, garin Outremont ya sayi na farko a 1927. Har gobe idan ka je unguwannin Quebec da hunturu, taraktoci ne za ka gani suna bi gida-gida suna share ƙofofin gareji, ba motoci ba.

Kada in zalunci mota, tana da nata. Sauri ne babban makaminta. Hanya irin taka, idan dusar ba ta yi kauri ba, zuwa biyu dawowa biyu ka gama, kana zaune cikin ɗumi, hita na aiki, shayinka na gefe. Sannan ga sauƙin kuɗi, tunda motar kana da ita. Da a ce hanyarka gajera ce mai kwalta, ko kana da gangare a gefe inda za ka riƙa tunkuɗa ƙanƙarar ta faɗa, ko kuma kana son ka riƙa share wa mutane filin ajiye motoci ana biyanka, da mota zan ce maka ba tare da dogon bayani ba. Tarakta ba ta da gudun da za ta yi yawon unguwanni masu nisa.

Amma duba wace mota ce a hannunka. F-150 ƙaramar a-kori-kura ce a wannan aiki. Masu sana'ar turi da F-250 suke yi, ko Silverado 2500, ko Ram 2500, saboda ƙafar gabansu an yi ta don ɗaukar nauyi. Garma ko ta ƙananan motoci ce tana kai kilo 200, manyan kuwa suna haura 350, kuma nauyin a rataye yake can gaban bamba, ba a kan taya ba. Buɗe ƙofar direba, akwai takarda manne a jikin ginshiƙi da ta faɗi iyakar nauyin da ƙafar gaba ke ɗauka. Kamfanonin garma irin su Western da Fisher da Boss da wannan lamba suke duba ko motarka za ta iya. Ford na da tanadin garma ga wasu nau'o'in F-150, ba duka ba, don haka kada wani ya ɗaura maka da ka.

Ko ta ɗauka, giyar motar ce ke biyan kuɗin. Turi aiki ne na gaba, ribas, gaba, ribas, sau ɗari a safiya ɗaya, man giya na zafi. Mai gaggawa kuma ba ya bari mota ta tsaya cak kafin ya sauya, nan ake kashe giyabos. Sai sifirin da shokozoba da sauran kayan ƙafar gaba su biyo baya. Idan ka hau babban titi da garmar a ɗage, tana tare wa lagireto iska, inji ya ɗau zafi ana tsakiyar sanyi. Abin da ya fi damuna shi ne wannan motar ce ke kai ka wurin neman abinci. Ranar da ta maƙale a cikin tsibi ko giyarta ta tsaya, ka rasa abin share hanya, ka rasa abin hawa, duk a lokaci ɗaya. Shi ya sa manoman wajenku da yawa suke ajiye wata tsohuwar mota da ta sha gishirin titi ta yi tsatsa, ba ta fita ko'ina, aikinta turi a cikin gida kawai. Idan kuma ka fara karɓar kuɗi kana share wa wasu, sai ka sanar da inshora, don hukuncin motar ya sauya.

To, wace irin tarakta? Ba katuwar ta gona ba. Ƙarama mai ƙarfin doki 25 zuwa 40, mai jan ƙafa huɗu, da bokiti a gaba. Kubota, John Deere, Massey Ferguson, Kioti, duk suna yin irinta, kuma ni ban damu da launin fenti ba kamar yadda na damu da wane dila ne ya fi kusa da gidanka, yana da kayan gyara a kanta. Injin feson ya zama faɗinsa ya ɗan zarce faɗin tayoyin baya, in ba haka ba za ka riƙa taka abin da ba ka share ba. Lissafin da makanikai ke yi da baki shi ne doki biyar ga kowace ƙafa ɗaya ta faɗin injin, kuma ƙarfin da ake nufi shi ne wanda ke fita ta sandar da ke juyawa a bayan tarakta, wadda ake kira PTO, ba wanda aka rubuta a jikin bonet ba. Na sandar kullum ya fi ƙanƙanta.

Tunda ka ambaci uwargida, nemi mai giyar da ake takawa da ƙafa, feda ɗaya na gaba, ɗaya na baya, babu kuloci. Wanda ya iya mota zai koye ta a yini guda. Ita ce ma ta fi dacewa da feso, don kana iya rage tafiya kamar hawainiya alhali inji na kan cikakken ƙarfinsa.

Akwai abin da dila ba zai yi saurin faɗa maka ba. Injin feso mafi araha a baya ake rataya shi, kuma da ribas ake aiki da shi. Mita 250 kana waiwaye, wuya a murɗe, sau uku ko huɗu. Na yi hunturu biyu a haka a kan tarakta marar ɗakin direba, ba zan manta wata asuba ba da iska ta juya ta maido min da duk abin da na fesa a fuska, gashin idona ya manne da juna, ina ganin fitilar gida kamar ta cikin ruwa. A wannan safiyar ce kuma injin ya haɗiye wayar da nake jona wa mota don ɗumama inji, wadda yaro ya bari a ƙasa dusa ta rufe. Ƙusar kariya ta karye, kamar yadda aka yi ta don ta karye maimakon giyar injin, na tsuguna da tocila a baki ina neman ramin da zan zura sabuwa da yatsun da ba na ji. Tun ranar nake ajiye rabin dozin na ƙusoshin da sifana biyu a akwatin tarakta. Idan aljihu zai iya, ɗakin direba mai hita ba alatu ba ne a ƙasar da sanyi ke kai 30 ƙasa da sifili. Akwai injin feso na gaba, akwai kuma na baya wanda ake ja ana tafiya gaba irin na 'yan Quebec, duk sun fi tsada, duk sun fi sauƙi ga wuya.

Dizal kuma yana da halinsa. Man da aka saya da rani kan yi kauri a tsananin sanyi ya toshe matata, don haka kada ka shiga Disamba da tankin da ka cika a Agusta. Jona na'urar ɗumama inji awa biyu ko uku kafin ka tayar. Tayoyin da ake sayar da yawancin ƙananan taraktoci da su ba su da kirki a kan santsi, sarƙa a tayar baya ce maganinsu.

Magana ɗaya da ta shafe mu fiye da maƙwabtanmu Turawa: sutura. Sandar nan ta baya tana juyawa sau 540 a minti, sau tara ke nan a daƙiƙa. Jallabiya, gyale, bakin hijabi, igiyar rigar sanyi, duk abin da ta kama ba ta saki. Kada wanda ya sauko daga asuba da doguwar riga ya ce bari ya ɗan taɓa. Idan bututu ya toshe, a kashe inji, a zare makulli, a jira komai ya tsaya, a sa sanda. Ban da hannu. Yara kuma su kasance a cikin gida, don injin na harba tsakuwa kamar gwafa.

Tsakuwar ma sai an lallaɓa ta. A farkon hunturu, kafin ƙasa ta daskare, ko garma ko injin feso za su kwashe maka ita su watsa cikin ciyawa, sai bazara ka gane asarar. Ɗaga takalman da ke ƙarƙashin injin kamar yatsu biyu, ka bar dusar farko ta kwanta, ka bi ta kanta da mota ta danne ta zama daɓe. A kan wannan daɓen za ka yi aiki har ƙarshen sanyi.

Saura kuɗi, wanda na san shi ne ya hana ka barci. Tarakta mai ɗaki da injin feso, ko ta hannu ce, ta ninka kuɗin garma sau da yawa. Abin da ke rage zafin shi ne mai eka biyar ba ya rasa aikin tarakta da rani: yankan ciyawa, gyaran tsakuwar hanya, ɗaukar ƙasa, huɗar lambu. Garma kuwa wata bakwai tana jingine bayan gareji. Ƙananan taraktoci kuma ba sa faɗuwa a kasuwa da sauri, idan ka gaji ka sayar ba za ka yi kuka sosai ba.

Da ni ne kai, bana ba zan sayi komai ba sai ƙaramin injin feso na turawa da hannu don ƙofar gareji. In je wurin maƙwabcin nan da ya ba ka shawara, in yi ciniki da shi ya riƙa buɗe min hanya kafin ƙarfe biyar da rabi. Hunturu ɗaya ya isa ka ga daidai inda iska ke tara kayanta, ka ɗauki hoto duk bayan guguwa. A Oktoba, kafin ƙasa ta daskare, kafa dogayen sanduna masu ƙyalli a gefen hanya don kowa ya san inda rami yake, ka kuma ja shingen tare dusa ta ɓangaren da iska ta fi bugowa. Kada ka manna shi da hanya, nan mutane ke kuskure. Tsibin da shinge ke tarawa na iya miƙewa har ninki 35 na tsayinsa, wato shinge mai mita ɗaya da ɗan kai sai ka ja shi baya kamar mita 40. Idan Afrilu ta zo, mutane sun fara fitar da kayan hunturunsu kasuwa, sai ka ɗauki hotunan nan da makanike ka tafi duba tarakta.