Amsa kan manhajar da ke jinkirin buɗewa bayan sauya sunan kwamfuta

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wannan amsa ce ga ɗan'uwanmu mai shagon buga takardu a Argungu, wanda ya ce tun da ya sauya wa kwamfutarsa mai Linux suna, wasu manhajoji sai sun yi kusan daƙiƙa 10 kafin su buɗe, har yana shirin shiga mota zuwa Birnin Kebbi ya sayo ƙarin RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. Malam, ka riƙe kuɗinka tukuna, domin alamar da ka faɗa ba ta ƙarancin RAM ba ce.

Manhajoji da yawa, musamman waɗanda aka rubuta da harshen kwamfuta na Java, idan za su tashi sukan fara tambayar adireshin da ke tafiya da sunan kwamfutar da suke kai. Wurin farko da ake dubawa shi ne fayil ɗin /etc/hosts, mai jera sunaye da adireshinsu, kuma umarnin hostnamectl da ka yi amfani da shi wajen sauya sunan ba ya taɓa wannan fayil, saboda haka tsohon suna ne har yanzu a ciki. Da aka rasa sabon sunan a gida, sai a aika tambayar waje zuwa uwar garken DNS, mai fassara suna zuwa adireshi a intanet, wadda a tsarin asali ake jiranta daƙiƙa 5, kuma a gwada sau 2. Ka ga inda goman nan taka ta fito. Abin ya fi muni a ranar da na'urar intanet take kunne amma data ta ƙare, domin tambayar tana fita, sau da yawa kuma babu mai amsa ta.

Ka fara tabbatarwa. Ka buɗe terminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta hostname ka ga sunan, sannan ka rubuta getent hosts tare da sunan. Idan ya tsaya yana jira, ko kuma sudo, umarnin yin aiki da ikon mai kula da kwamfuta, yana ƙorafin cewa ya kasa gane sunan, to mun kama ɓarawon.

Gyaran layi ɗaya ne. Ka buɗe /etc/hosts da sudo, ka bar layin 127.0.0.1 localhost yadda yake, ka je layin 127.0.1.1, wanda nau'o'in Linux na Debian da Ubuntu suka ware wa sunan kwamfuta, ka goge tsohon suna ka sa sabo harafi da harafi. Ka adana, ka sake buɗe manhajar, ba sai ka kashe kwamfutar ba. Idan jinkirin bai tafi ba, ka turo mini hoton layin hosts da ke cikin /etc/nsswitch.conf in duba ko files ne a gaban dns, wato ko ana fara duba /etc/hosts kafin a tambayi DNS.