Ga amaryar da ta ce Litinin da Alhamis duk ɗaya suke a wurinta

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na karanta tambayarki sau biyu. Kin ce a Mandawari kika tashi, an kai ki Rijiyar Zaki wata huɗu ke nan, da maigida ya fita sai ke sai bango, har ba kya bambance Litinin da Alhamis, kina tambaya ko haka kowa ke ji. Masu cewa ki kama sana'a ko ki shiga Islamiyya sun yi gaskiya, ki yi. Ni dai wani ɗan abu ne ya fitar da ni daga wannan hali, shi ya sa na ajiye aikina na rubuto miki.

'Yar Yakasai ce ni. An kai ni Ɗorayi a farkon 2013, daidai lokacin da aka hana acaɓa a Kano. Jama'a duk suka koma kan A Daidaita Sahu, abin hawa ya yi wuya, ko leƙa gida ba na samu yadda nake so. Kin san gidan cikin gari, soro a buɗe yake wuni guda. Yaro zai faɗo, "wai in ji Umma a san mata gishiri", kafin ya fita kin ji wadda ta haihu da wanda aka kwantar a asibiti. Labari ne ke zuwa ya same ki har kan tabarma. A sabuwar unguwa kuwa katanga ta fi tsayin mutum, get ɗin ƙarfe a garƙame. Na yi kuka ba kaɗan ba, kuma ba don an yi mini komai ba.

Abin da ya fara canza mini zama kunne ne. Wata safiya ina shara na ji unguwa ta yi tsit, na rasa me ya ɓace. Sai can na gane karatun makarantar allon da ke bayanmu ne babu, ashe Alhamis ce, almajirai suna hutu. Da hantsi sai ga hayaniyarsu a bakin rijiya suna wanki. Tun daga ranar ban sake rikita Alhamis da wata rana ba. Juma'a kuma takun masu tafiya masallaci da ƙanshin turare ke shigo mini ta ƙasan get.

Akwai mai ga-ruwan da ke kawo mana ruwa, tayar kurarsa ɗaya tana kuka, tun daga kwana nake jin ta in fito da bokitai. Rannan shiru, wani yaro daban ya turo jarkokin. Na tambaya, ya ce ai an yi ruwan shuka a garinsu, ya tafi gona. Mu a nan ko ɗigo ba mu gani ba, zafi kamar ya dafa mutum, amma wuni na yi ina murna, kamar gonar tawa ce. Na kama yi masa addu'ar damina mai albarka, mutumin da ban taɓa cewa da shi komai ba sai "jarka nawa".

Daga nan na soma rubuta irin waɗannan a bayan littafin da nake lissafin cefane. Layi ɗaya kawai. Yau mangwaro ya shigo. Yau na ga ɗanyar masara a bakin titi. Hazo ya sauko, leɓe ya fara tsagewa, masu rake sun cika hanya. Har yanzu littafin yana nan, in na buɗe sai in ga ashe babu makon da ya yi kama da ɗan'uwansa.

Na biyun shi ne kwano, kuma shi ya fi mini komai. A hunturun farko na riƙa jin tarin wata dattijuwa ta bayan katanga, musamman bayan sallar asuba. Kwana uku ina ji. Na nemi izinin maigida, na dama kunun tsamiya, na haɗa da ƙosai, na ba almajirinmu na ce ya ce amaryar maƙota tana gaishe da Hajiya da jiki. Da la'asar kwanon ya dawo da ƙullin daddawa da kuka a ciki. Washegari ta aiko jikarta ta taya ni hira. Ita ta sa ni a adashin matan layi, ita ke aiko mini in an yi haihuwa ko rasuwa don kada barka ko gaisuwa ta wuce ni, ita ta nuna mini gidan da ake yin gurasa mai kyau ba sai an je Jakara ba.

Ba zan ɓoye miki ba, ba kowane gida ke karɓa ba. Akwai inda na aika aka dawo da kwanon ko sannu babu, abin ya tsaya mini a rai kwana biyu. Ban ƙara aikawa ba, amma ban daina gaisuwa ba. Kuma ki kula, ki kai alheri, kada ki kai sirrin ɗakinki.

Ranar wannan zumunci na gani a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Ga kuɗi a asusu, ga tukunya babu cefane, layin mai POS ya kai bakin titi kuma sai ya cire nasa mai tsoka. Wata maƙociyarmu mijinta yana da shago a Singa, in ya shigo da 'yan takardu sai mu yi mata taransifa ta raba mana, wannan ɗari biyar, waccan dubu. Mai kayan miyan bakin layi ya riƙa ba ni tumatir da attaruhu bashi, ya ce in gari ya waye na biya. Da a ce tun zuwana a kulle nake, ban san wa zan ƙwanƙwasa wa ba.

Hajiya ta rasu bara, Allah Ya jiƙanta Ya sa ta huta. Bayan sadakar uku 'yarta ta kira ni ɗaki ta miƙo mini kwanona mai murfi, wanda na kai mata farfesu a ciwonta na ƙarshe. Ta riga ta sa an wanke, an ƙulla daddawa an saka a ciki, ba ta samu aikowa ba.

Yau Talata, ƙanwata. Jibi da safe ki ajiye waya, ki fito tsakar gida ki saurara, ki dawo ki gaya mana abin da kika ji a Rijiyar Zaki. Allah Ya ba ku zaman lafiya.