Me ya sa sunayen ɗalibai suka ɓace daga manhajata a OpenShift?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon haɗa manhaja a nan Aboabo, Kumasi. Na ɗauki samfurin django-psql-example a Developer Sandbox, wato wurin gwajin OpenShift (dandalin ɗora manhajoji) na kamfanin Red Hat, na ƙara masa shafin rajistar ɗaliban makarantarmu, na shigar da suna arba'in. Washegari shafin ya buɗe lafiya, amma babu suna ko ɗaya. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka wahalar da kanka da binciken lambobin manhaja (code) da ka rubuta, matsalar tana cikin samfurin da ka zaɓa.

Samfuran farawa na OpenShift sukan zo biyu-biyu: mai ƙarewa da example da mai ƙarewa da persistent. Na farkon yana ajiye bayanan PostgreSQL, wato rumbun bayanan manhajar, a ma'ajiyar wucin gadi da ake kira emptyDir, wadda rayuwarta ke ɗaure da ta pod, wato mazubin da kwantenar rumbun ke aiki a cikinsa. Kamar allon makaranta take, da an tashi sai a wanke. Shi kuwa Sandbox ba ya barin pod ya wuce awa 12 yana aiki a jere. Da aka kashe naka cikin dare, sabon da ya tashi ya zo da rumbu fayau, Django, tsarin da aka gina manhajar da shi, ya sake gina teburan, shi ya sa shafin ya buɗe kamar babu abin da ya faru. Waɗancan sunaye arba'in ba za su dawo ba, sai haƙuri.

Ka fara share tsohon, domin samfuran biyu suna kiran rumbun da suna ɗaya, wato postgresql, in ka ɗora sabon a kan tsohon za ka ga "already exists":

`oc delete all,secret -l app=django-psql-example`

Dole ka ambaci secret, wato ma'ajiyar kalmomin sirri, da bakinka, kalmar all ba ta haɗa da shi. Daga nan:

`oc new-app --template=django-psql-persistent -p SOURCE_REPOSITORY_URL=adireshin-naka -p SOURCE_REPOSITORY_REF=main`

Nan ne masu koyo da yawa ke tuntuɓe. In ka manta adireshin ma'ajiyarka ta GitHub, samfurin zai ɗauko ainihin django-ex ya gina, shafin rajistarka ba zai fito ba. In kuma reshenka ba main ba ne, ka sa sunansa na gaskiya, in ba haka ba ginin zai faɗi tun wurin ɗauko lambobin. Ka bi ginin da idonka:

`oc logs -f bc/django-psql-persistent`

Idan ya gama, ka buga `oc get pvc` don duba ma'ajiyar dindindin da samfurin ya nema. Abin da kake so ka gani shi ne Bound. Samfurin yakan nemi 1Gi, wanda ya ishi rajistar makaranta har da rara. In ya tsaya a Pending, `oc describe pvc postgresql` zai faɗa maka dalili. Wani lokaci babu StorageClass, wato nau'in ma'ajiya, da aka ware don a riƙa ɗauka kai tsaye. In kuwa pod ɗin manhajar yana mutuwa da OOMKilled da lamba 137, wato ƙwaƙwalwar aiki (memory) ta ƙare masa, iyakar 512Mi ce ta yi masa kaɗan, sai ka ɗaga MEMORY_LIMIT.

Kafin ka sake zama shigar da sunaye, ka gwada. Sa suna ɗaya na ƙarya, ka kashe pod ɗin rumbun da hannunka da `oc delete pod`, ka jira sabon ya tashi, ka duba. In sunan yana nan, aikin ya zauna.

Abin da ya fi damun mu shi ne sunayen yaran. Sandbox wurin koyo ne, kwana 30 ake ba ka, daga nan a share komai har da ma'ajiyar dindindin ɗin. Ga shi kuma adireshin da Route, wato ƙofar manhajar zuwa intanet, ya ba ka a buɗe yake ga duk mai intanet, kuma dokar kare bayanai ta Ghana, Act 843 ta 2012, ta shafi bayanan ɗalibai. Ka yi gwajinka da sunayen ƙirƙira. Ranar da malaman makaranta za su fara aiki da shi da gaske, ka mayar da shi sabar da kuke biya, ka sa wa shafin kalmar sirri, kuma kowace Juma'a ka fitar da kwafin rumbun da pg_dump ka ajiye a wani wuri daban.