Hukuncin kiran Janar Ƙasim Sulaimani shahidi, da hukuncin tsine masa

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Duk farkon watan Janairu sai yayyena biyu sun yi cacar baki a kan Janar Ƙasim Sulaimani na Iran. Babban yana cewa shahidin Ƙudus ne, mai bi masa kuwa da zarar ya ji sunan sai tsinuwa. Bana har gaisuwa suka daina. Wane ne a kan daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Kowannensu ya riƙe wani yanki na gaskiya, sannan ya zarce zuwa abin da ba huruminsa ba.

Sai an san mutum kafin a yi magana a kansa. An haifi Sulaimani a 1957 a wani ƙauye na lardin Kerman, ɗan talakawa ne, ya yi leburancin gini tun yana yaro. Ya shiga dakarun juyin juya hali a 1979, ya yi yaƙin Iran da Iraƙi na 1980 zuwa 1988, inda ya jagoranci runduna ta 41. Wajen 1998 aka ba shi Rundunar Ƙudus, mai kula da ayyukan Iran a wajen iyakokinta, kuma yana kan wannan muƙami jirgin Amurka maras matuƙi ya kashe shi kusa da filin jirgin Bagadaza ranar 3 ga Janairun 2020, bisa umarnin Donald Trump, tare da Abu Mahdi al-Muhandis, wani jagoran mayaƙan Iraƙi.

Babban yayanka yana da abin kafa hujja. Da birnin Mosil ya faɗa hannun ƙungiyar Da'ish (ISIS) a 2014, Sulaimani na cikin waɗanda suka tsara mayaƙan da suka tare su a Iraƙi. Ya taimaki ƙungiyoyin Falasɗinawa, har Isma'il Haniyya, shugaban Hamas na lokacin, ya kira shi shahidin Ƙudus a wajen jana'izarsa a Tehran. Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya mai bincike kan kisan gilla a lokacin, Agnes Callamard, ta ce kashe shi ya saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa. Ɗayan ma ba da ka yake magana ba. Sulaimani ne ya tattaro mayaƙa daga Lebanon da Iraƙi da Afganistan da Pakistan suka tsaya wa Bashar Assad na Siriya, da su aka ci Ƙusair a 2013 da gabashin Halab a 2016, a yaƙin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta ya ci fararen hula sama da 300,000 cikin shekara goma. Ba a ɗora masa jinin nan duka, amma wanda ya ce hannunsa fes yake bai yi wa marayun Siriya adalci ba.

To, kalmar shahidi. Imam Bukhari ya ƙulla babi a Sahihinsa cewa ba a cewa wane shahidi ne, Ibn Hajar ya bayyana cewa abin da aka hana shi ne faɗin haka a yanke, sai in da wahayi. Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Umar cewa ranar Khaibar sahabbai na ta lissafi, wane shahidi, wane shahidi, har suka zo kan wani mutum, sai Annabi (SAW) ya ce a'a, ya gan shi a wuta saboda mayafin da ya ɓoye daga ganima. Wannan fa mutum ne da ya fita tare da Manzon Allah da kansa, a yaƙin da babu kokwanto cikin halaccinsa. Ina ga wanda ya yi shekara arba'in cikin yaƙe-yaƙen da addini da siyasar ƙasa suka cakuɗe, mafi yawan waɗanda suka faɗi a ciki kuma masu salla ne? Ma'aunin da hadisin Abu Musa ya kafa shi ne yaƙi don kalmar Allah ta ɗaukaka, niyya kuwa ba a ganinta a hoto. Zaluncin wanda ya harba makami ba ya isa ya buɗe mana littafin wanda aka harba. Saboda haka yanke cewa shahidi ne a wurin Allah bai halatta ba. In ya ce yana yi masa fata, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa.

Tsinuwa ita ma yanke hukunci ce, domin ma'anarta korar bawa daga rahamar Allah. Imam Gazali da malamai da dama sun hana tsine wa ayyanannen mutum matuƙar nassi bai tabbatar ya mutu kafiri ba. A Bukhari, Nana A'isha ta ruwaito hanin zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Kasancewarsa ɗan Shi'a bai sauya wannan ba: ba a kafirta ayyanannen mutum da sunan ƙungiyarsa. 

Hanin bai rufe bakin tarihi ba. Ya halatta, wani lokaci ma ya wajaba, a faɗi abin da shugaban yaƙi ya aikata a fili don kada a ruɗi na baya, da sharaɗin ya tabbata kuma ba a ƙara gishiri ba. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙin wasu mutane ya kai mu ga barin adalci, kuma malamai sun ce so ma haka yake. Mai yabonsa a kan Da'ish ya ambaci Halab, mai sukarsa a kan Halab kada ya yi wa Amurka tafi.

Daina gaisuwa kuwa, a nan ne haramcin ya fi fitowa sarari, domin hadisi ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, balle wanda suka sha nono ɗaya. Ka kai maganar gaban mahaifinku ko wani babba a dangi ya zaunar da su, su yi sallama da juna ko da kowa ya zauna a kan ra'ayinsa.

Wallahu a'alam.