Me Ya Sa Oba-Obar 'Yan Sandan Amurka Ta Yi Shiru?

Tambaya: Malam, na saba sauraron oba-obar 'yan sandan Shikago kai tsaye ta manhajar waya. Yanzu sai an gama komai nake jin maganar. Manhajar ce ta lalace?

Amsa: Ɗan'uwa, manhajarka lafiyarta ƙalau. A da, maganar 'yan sanda a fili take yawo cikin iska, duk mai sikana, wato na'urar kama tashoshin rediyo, yana kamawa. Yanzu rediyoyinsu na dijital ne, suna kulle murya da tsari irin su AES-256, sai rediyon da aka loda wa mabuɗin ne ke buɗe ta. Sikanarka komai tsadarta, ko dai shiru ko gurnani za ta ba ka.

Shikago ta fara kullewa a 2022, ta bar wa jama'a sauraro ta shafin intanet na Broadcastify bayan jinkirin minti 30, abin da kake ji ke nan. New York ta fara da unguwannin Brooklyn a 2023. Hujjarsu biyu ce: masu laifi ma suna kasa kunne, kuma ana karanto sunayen mutane da lambar lasisin tuƙinsu a iska. Ta biyun ce ta sa ma'aikatar shari'a ta jihar Kalifoniya ta umarci a kare irin waɗannan bayanai a 2020.

Ni dai a ganina, a kulle tashar samame da ta bayanan mutane, a bar ta kiran yau da kullum. Minti 30 ga ɗan jarida ba wasa ba ne: kafin ya iso an killace wurin, shaidu sun watse, labari sai wanda 'yan sanda suka ga damar ba shi.