Me ya sa 'yan Ayilan suke rataye allon da aka wulaƙanta kakanninsu da shi?

Tambaya: Malam, ina karatu a birnin Boston na Amurka, kuma na ga a wani gidan abinci na 'yan asalin ƙasar Ayilan (Ireland) an rataye allo mai cewa ana neman ma'aikaci, amma kada ɗan Ayilan ya nema. Me zai sa mutum ya adana abin da aka ci mutuncin kakanninsa da shi?

Amsa: Allon da ka gani yana da tushe. Tsakanin 1845 da 1852 wata cuta ta lalata dankalin turawa, wanda shi ne abincin talakawan Ayilan, har kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu fiye da miliyan ɗaya kuma suka yi ƙaura. Da yawansu sun sauka a Boston da New York hannu rabbana, ga su 'yan Katolika a ƙasar da 'yan Furotesta suka fi rinjaye. Ƙiyayyar ma ta riga su isa, domin a 1844 an ƙona coci biyu na Katolika a tarzomar Philadelphia. Mujallar Punch ta Landan, da mai zane Thomas Nast a Amurka, sun riƙa zana ɗan Ayilan da fuskar goggon biri, da kwalbar giya a hannu.

Amfanin adana shaida ya bayyana a zamaninmu. A 2002 wani masanin tarihi, Richard Jensen, ya wallafa maƙala yana cewa irin wannan sanarwa kusan almara ce da aka gada daga bakin kakanni. Maganarsa ta yi shekaru tana yawo, sai a 2015 wata ɗaliba 'yar shekara 14, Rebecca Fried, ta tono tsofaffin jaridu ta fito da tallace-tallacen neman ma'aikata masu yawa ɗauke da wannan magana ta kada ɗan Ayilan ya nema, kuma mujallar da ta buga maƙalarsa ita ce ta buga nata binciken. Da an zubar da jaridun nan saboda kunya, da ba abin da za a ƙaryata shi da shi.

Sai dai ina jan hankalinka kan abu guda: ana buga kwaikwayon irin allunan nan ana sayarwa, har a sa musu launin tsufa, don haka kada ka ɗauki na jikin bango a matsayin hujjar tarihi. A ganina, mai gidan abincin yana tunawa ne, yana kuma alfahari, tunda garin da aka hana kakansa aiki shi ne ya fitar da zuriyar su John F. Kennedy, ɗan asalin Ayilan da ya ci zaɓen shugaban ƙasar Amurka a 1960. Idan ka koma, tambaye shi daga wane yanki na Ayilan kakanninsa suka taso, da kuma shekarar da suka sauka.