Me ya sa ƙananan jiragen jet na gwaji suka fi wuyar haɗawa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na haɗa ƙananan jiragen roba biyu, Spitfire da Hurricane, komai ya shiga mazauninsa lafiya lau. Yanzu na sayo kwalin Gloster E.28/39, jirgin jet na farko na Birtaniya, a ma'aunin 1/72 (wato kashi ɗaya cikin 72 na girman jirgin gaske), amma sassan sun ƙi haɗuwa, kuma zanen kwalin ya saɓa da hoton jirgin da na gani a intanet. Jabu aka sayar mini?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, da wuya ya zama jabu. Irin waɗannan kwalayen haka suke zuwa, kuma akwai dalili.

Spitfire an ƙera fiye da 20,000, duniya duk ta san shi, don haka babban kamfani kan zuba kuɗi ya yanka mazubi na ƙarfe mai tauri, tunda ya san kuɗinsa za su dawo. Shi kuwa E.28/39 guda biyu kacal aka taɓa yi, masu lamba W4041 da W4046. Masu neman sa kaɗan ne, saboda haka yawanci ƙananan kamfanoni ne ke fitar da shi da ire-irensa, da yawansu a ƙasar Cek da Yukiren, wani lokaci da mazubi mai arha wanda ba ya jure bugu mai yawa. Shi ya sa za ka tarar babu 'yan ƙusoshin roban nan da ke daidaita ɓari biyu na jiki, wurin da sashe ya manne da sandar robar da yake zuwa a jikinta yana da kauri, wasu sassan kuma na rezin ne (wani nau'in roba mai tauri) ko siririn tagulla.

Batun hoton ya fi muhimmanci. Jirgin gwaji ba ya zama da kama ɗaya, injiniyoyi kullum suna cirewa suna ƙarawa. W4041 ya fara tashi ranar 15 ga Mayu, 1941, a Cranwell ta Ingila, Gerry Sayer na tuƙi, da injin da Frank Whittle ya ƙirƙira. Daga baya aka ƙara masa ƙananan fuka-fukai biyu a tsaye a kan jela don ya daina karkata, kuma da su yake har yau a gidan tarihin kimiyya na Landan. Wataƙila hotonka na gidan tarihin ne, zanen kwalin kuwa na 1941. Dukansu daidai ne. Abin da nake gaya wa kowa shi ne: kafin ka yanke ko sashe ɗaya, zaɓi jirgi ɗaya da lokaci ɗaya, ka samo hotunan lokacin, ka tsaya a kansu. Kuma kada ka saka masa bindiga. An tanadi bindigogi a takardar ƙira, amma ba a taɓa ɗora su ba.

Sauran jiragen jet na gwaji ma haka ne. Me 262 na Jamus da kowa ya sani yana da taya a hanci, amma wanda Fritz Wendel ya tashi da shi da jet zalla ranar 18 ga Yuli, 1942, a Leipheim, tayarsa ta uku a jela take, har sai da ya ɗan taka birki jelar ta ɗaga kafin ya iya tashi. Me 262 na farko ma a 1941 da farfela a hanci ya tashi. He 280, shi ma na Jamus, ya yi tashinsa na farko da ƙarfin jet da injunan a buɗe, ba murfi, saboda mai na yoyo. Shi kuma XP-59A na Amurka, wanda ya tashi a Oktoban 1942 a Muroc ta jihar Kaliforniya, farfelar bogi aka riƙa maƙala masa a hanci idan ana jan sa a ƙasa, don kada a gane sirrin. A ganina wannan ne daɗin sashen nan na sana'armu: duk ƙaramin jirgin da ka gama yana nuna matsalar da ake fama da ita a ranar.

To, ga aikin hannu. Gwada kowane sashe ba gam, ka goge da samfefa, ka sake gwadawa, har sai ya zauna. Yanka 'yan ɓallin roba ka manna daga ciki a gefen ɓari ɗaya su maye gurbin ƙusoshin da babu. Gam ɗin roba ba ya kama rezin ko tagulla, sai supa gulu. Idan za ka goge rezin, jiƙa samfefar, domin ƙurarsa na cutar da huhu. Inda rata ta saura, cike ta da fila kamar yadda masu gyaran jikin mota ke yi, sannan ka fesa fentin ƙasa ka duba kafin launi na ƙarshe.

Kada ka manta da nauyi. E.28/39 tayarsa ta uku a gaba take, kuma in ba ka sa dalma ba zai zauna a kan jela. Hancin kuma a buɗe yake, ta nan iska ke shiga injin, don haka ɓoye dalmar a ƙarƙashin kujerar matuƙi ko bayanta, amma lallai gaba da manyan tayoyi. Haɗa jikin da salatif, ɗora shi a kan fensir daidai inda tayoyin za su tsaya, ka ga ko hancin ya rinjaya, sannan ka sa gam. He 178 na Jamus, wanda ya riga kowane jirgin jet tashi ranar 27 ga Agusta, 1939, ba ya buƙatar wannan, tayar jela gare shi.

Fuka-fukan E.28/39 daga baki zuwa baki sun kusa mita 9, wato kimanin santimita 12 a 1/72, don haka ko ƙaramin kuskure sai ya fito. Ƙasan jikinsa launin rawaya ne, da harafin P a cikin da'ira a gefe, alamar jirgin gwaji a Birtaniya. Rawaya ba ta rufewa da kyau, sai ka fara shimfiɗa fari.

Idan ka ji hannunka bai faɗa ba tukuna, ajiye kwalin ka fara haɗa Meteor F.1 na kamfanin Tamiya a 1/48 ko Me 262 na kamfanin Airfix a 1/72. Sassansu na shiga salin-alin, kuma a kansu za ka koyi daidaita nauyin hanci kafin ka koma kan naka.